"Shawara ɗaukar ɗaki": ko ta dace da majalisar majami'a?

Katikis, Zango:

Salama gare ku, ƴan'uwa na Damagaram. Na kawo wata karin magana ne domin mu duba ta tare, saboda ba a taɓa zama a kan batun majalisar da ke taimaka wa firist tafiyar da majami'a ba tare da wani ya jefo ta ba. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Yadda na taso na ji ana fassara ta shi ne, kamar yadda mutum ɗaya ba ya ɗaga jinka ya ɗora a kan gini, haka kai ɗaya ba ya yanke abin da ya shafi jama'a. Tun da Paparoma Francis ya buɗe taron Sinod, wato babban taron shawara na Ikilisiyar Katolika, a watan Oktoba na 2021, wanda aka yi manyan zamansa biyu a Roma a 2023 da 2024, ake ta kiranmu mu koyi neman nufin Allah tare, cikin addu'a da sauraren juna. Shin wannan karin magana ta ɗauke wannan ma'ana gaba ɗaya, ko akwai inda ta gaza?

Malamin lakol mai ritaya, Birni:

Malam Katikis, na gode da ka kawo wannan, amma ni ina tsoron karin maganar nan, kuma zan faɗi dalili. Wanda ya taɓa ganin aikin jinka ya san a ƙasa ake ɗaure ta, mai ɗaki da ma'aikacinsa su gama komai, sa'an nan a kira maƙwabta su zo su kama. Ba wanda ya tambaye su faɗin ɗakin, ba wanda ya tambaye su inda ƙofa za ta duba; ƙarfinsu ake bukata, ba ra'ayinsu ba. A wani garin da na yi aiki a can baya, na zauna a majalisar da haka take: a zo mana da magana an riga an ɗaure ta, mu ce amin, a rufe da addu'a, kuma shugaban zaman ya gode mana da wannan karin maganar. Dokar Ikilisiya ta 1983 ma ba ta ɓoye ba. Doka ta 536 ta ce bishop, wato shugaban majami'un yanki, shi ne ke ganin ko ya dace a kafa irin wannan majalisa, firist ne ke shugabantarta, kuma muryarta ta shawara ce kawai. Majalisar kuɗi ce kaɗai doka ta 537 ta wajabta a kowace majami'a.

Uwar zumuntar mata, Sabon Gari:

Baba Malam, da girmamawa nake cewa ka kalli aikin ne daga nesa. A ƙauye na tashi, kuma abin da na gani shi ne masu ɗaukar jinka suna shiga ƙarƙashinta, kowa yana jin nauyin gefensa, wanda mai ɗakin da ke tsaye a waje ba ya ji. Idan gefe ɗaya ya yi ƙasa, mutum ɗaya ne zai ce a dakata, kuma kowa zai tsaya, ko da shi ne ƙarami a cikinsu. Wannan tsayawar ita ce shawarar. Damuwata tana wani wuri dabam. Jama'armu a Damagaram kaɗan ne, kuma da yawansu sun fito daga Benin, Togo, Burkina Faso da Najeriya, saboda haka zama yakan karkata zuwa Faransanci. Tsohuwar da Hausa kaɗai take ji, wadda ita ce ta san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, takan zauna shiru har a tashi, a kuma rubuta cewa kowa ya yarda.

Ɗalibin makarantar firistoci:

Inna, abin da kika faɗa shi ne ainihin ciwon da hanyar da aka bi a Sinod take ƙoƙarin magancewa, wadda ake kira tattaunawa cikin Ruhu. Kafin ranar zama, kowa yakan samu tambayar ya yi addu'a a kanta shi kaɗai. A zagaye na farko kowa yakan yi magana bi da bi, na ƴan mintoci daidai da na kowa, ba a katse shi, ba a mayar masa da martani. Sai a yi shiru. A zagaye na biyu ba a maimaita ra'ayin kai. Mutum yakan faɗi abin da ya taɓa shi a maganar wasu, ko abin da ya ji zuciyarsa ta ƙi karɓa. Sai a sake yin shiru, sa'an nan a zagaye na uku a nemi inda aka haɗu, a kuma rubuta inda aka saɓa ba tare da an share shi ba. Game da dokar da Baba Malam ya kawo, gaskiya ya faɗa, sai dai akwai doka ta 127, wadda ta ce shugaban da aka wajabta masa neman shawara kada ya saɓa wa abin da masu shawarar suka haɗu a kai sai da dalili mai rinjaye. Takardar ƙarshe ta Sinod, ta watan Oktoba na 2024, ta ƙara da cewa ya kamata ya bayyana wannan dalilin.

Wani matashi daga ƙungiyar mawaƙa:

Iyayena, ku gafarce ni, amma ban ga amfanin wannan doguwar hanya ba. An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A ɗaga hannu a ƙirga, abin da ya fi yawa a bi shi, kowa ya koma gida kafin dare.

Malamin lakol mai ritaya, Birni:

Ɗana, a nan kam ba na tare da kai, ko da yake ni ne na fara ƙorafi. Sarkin yawa magana ce ta rinjaye, ta wanda zai kayar da wani, ba ta neman gaskiya ba. Ka tuna watan Janairu na 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a garin nan da kuma Yamai. Da a makon nan aka tara mutane aka ƙirga hannu a kan ko a zauna ko a tafi, da yadda za a dubi maƙwabta, tsoro da ɓacin rai ne za su yi zaɓen, ba bangaskiya ba. Waliyyi Ignatius na Loyola ya bar ƙa'ida cewa kada mutum ya sauya shawarar da ya riga ya tsayar a lokacin da zuciyarsa take cikin ƙunci. Shi da abokansa, da suka zauna a Roma a 1539 domin su ga ko za su zama ƙungiya ɗaya mai biyayya ga shugaba, sun ɗauki watanni suna addu'a, kuma sun tsara cewa wata rana kowa ya kawo dalilan ƙin abin, wata rana kowa ya kawo dalilan yarda da shi, domin kada a rabu gida biyu kowa yana kare nasa. Amma zan ƙara wata magana da matasa ba sa son ji: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Katikis, Zango:

Baba Malam, wannan ta ƙarshen ita ce sandar da aka fi rufe bakin mutane da ita a zamanmu, kuma ba na jin tana da gurbi a wurin da ake neman muryar Ruhu Mai Tsarki. Tana da gaskiya a kan abin da shekaru ke koyarwa, kamar sanin halin mutane da sanin lokacin da magana ba ta nuna ba. Sai dai Waliyyi Benedict, a ƙa'idar da ya rubuta wa sufaye a ƙarni na 6, ya umarci shugaban gida ya kira kowa da kowa idan babban al'amari ya taso, domin sau da yawa ƙarami Ubangiji yake bayyana wa abin da ya fi, ko da yake hukunci na ƙarshe yana hannun shugaban. A Ayyukan Manzanni sura 6 ma, gunagunin masu jin Helenanci, cewa ana manta gwaurayensu a rabon abinci, shi ne ya sa manzanni suka tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai. Da an ce musu manya sun riga sun hango, da gwaurayen sun ci gaba da kwana da yunwa.

Uwar zumuntar mata, Sabon Gari:

To, ni abin da zan kai gaban majalisa kaɗan ne. A riƙa sanar da batun zama tun ranar Lahadin da ta gabata, da Hausa da Faransanci, domin ƙananan ƙungiyoyin unguwa su tattauna shi tukuna. A zagayen farko a fara da mata da matasa, firist da dattawa su yi magana a ƙarshe, saboda a garin nan ba mai buɗe baki ya saɓa wa babba bayan babban ya gama. Kuma a sa mai fassara ya zauna kusa da tsofaffi.

Malamin lakol mai ritaya, Birni:

Na yarda da duka ukun, ƴar'uwa, har da wadda ta mayar da ni baya a layi. Amma ina so ɗalibinmu ya amsa mini wannan: idan an yi zagaye uku, majalisa ta haɗu a kan abu ɗaya, firist ya yanke akasinsa ya kuma ba da dalilin da bai gamsar da kowa ba, shin sai a kai maganar Maraɗi wurin bishop, ko kuwa a sa hannu a kama jinkar haka nan?