Kwamitin hawan sallah sun nemi in haɗa musu oba-oba: in karɓa ko in ba su haƙuri?

Ɗan Ƙofar Gabas:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema kafin Juma'a. Shekarata uku da lasisin rediyon sha'awa, wato izinin da gwamnati ke ba farar hula su yi magana da juna ta rediyo, kuma mu uku ne kacal masu lasisi a garinmu. Jiya 'yan kwamitin hawan sallar hakiminmu suka same ni har gida. Bara ana tsakiyar hawa netwok ya cushe saboda cinkoson jama'a, wani mahayi ya faɗo daga doki, aka yi ta neman direban motar asibiti kira bai shiga ba. Bana suna so in haɗa musu sadarwa daga filin idi zuwa ƙofar fada, kilomita 6, da mutum a wurare 8. Ina da oba-oba na hannu guda 4 da ta mota mai ƙarfin wat 50. Sun ce za su ba ni naira dubu 150. Abu biyu ne suka tsaya min a rai: kuɗin nan ya dace da ƙa'idarmu? Sannan sauran wurare biyar ɗin, in miƙa wa yaran kwamiti marasa lasisi su yi magana a kan megahaz 145, zangonmu na masu lasisi? Wanda ya taɓa yin irin wannan aiki ya taimaka.

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam. Ka sayi oba-oba na hannu ƙirar Baofeng UV-5R guda goma ka huta. Dubu 28 na saya wancan watan a Sabon Gari, da cajarsa da abin kunne.

Abu Hanifa:
Dubu 28? Malam, jabu aka ba ka. Nawa dubu 45 na saya a Kaduna. Ka gwada batirin, an rubuta ƙarfinsa 1800 a jiki amma ba zai kai ka azahar ba.

Ɗan Damagaram:
Nan wajenmu jika 15 na sefa ake saida shi, ka ja ciniki a bar maka 13. Ku lissafa da canjin yau ku gani.

Baban Khalifa:
Ɗan'uwa, don girman Allah ka ba su haƙuri. Ni na sha, ba labari aka ba ni ba. Shekara biyu da suka wuce wata makaranta ta yi walimar saukar karatu haɗe da zagayen gari, suka roƙe ni, na kwashi na hannu guda 6 na kai. Na ce a ba ni yaran kwana ɗaya kafin taro in koya musu, aka ce ai danna maɓalli ne kawai. Da safe aka rarraba wa waɗanda ban taɓa gani ba. Kafin hantsi tashar ta koma dandali: wannan na tambayar ina aka ajiye shinkafa, wancan na gaida abokinsa, wani har waƙa yake sa mana. Sai wani yaro ya cusa tasa a aljihun baya ya zauna a kan benci, maɓallin ya danne. Kun san yadda abin yake, in ɗaya ya riƙe tasha duk na kusa da shi sun kurumce. Minti ashirin muna jin hirarsa da mai sayar da rake.

A cikin minti ashirin ɗin nan wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi a ƙarshen ayari saboda zafin rana. Wanda ke wurin ya yi ta kira, ban ji ba. A baro aka tura bawan Allahn nan zuwa titi. Allah Ya sa da sauran kwanansa, amma 'ya'yansa ni suka zo suka tsare a gaban jama'a, wai ni ne mai na'ura. Shugaban kwamitin da ya hana ni koyar da yaran yana tsaye bai ce uffan ba. Da yamma guda 4 suka dawo hannuna, ɗaya eriyarta a karye. Biyun har yau ana nema. Kuɗin mai da aka yi min alkawari ma ban gani ba. Tun ranar ban sake fita da rediyo taron kowa ba, kuma har yanzu in na tuna fuskar dattijon nan raina ɓaci yake.

Abu Hanifa:
Subhanallahi. Allah Ya mayar maka da alheri. Amma akwai TOT, wato ma'aunin da ke iyakance tsawon magana, a cikin saitin, da ka sa shi a daƙiƙa 60 da kanta za ta katse ko an zauna a kanta.

Baban Khalifa:
Na sani yanzu. A lokacin wa ya gaya min?

Baba Mai Gajeren Zango:
Yara, ku saurara. Na karɓi lambar kirana mai farawa da 5N, alamar Najeriya, tun wasunku ba su shiga firamare ba. Ma'anar da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba wannan fanni a rubuce take: koyon kai, hira tsakanin masu lasisi da binciken fasaha, ba tare da neman abin duniya ba. Kalmar ƙarshen nan ita ce amsar tambayarka ta farko. Ranar da ka karɓi dubu 150 ka zama ɗan kwangila, kuma zangon 144 zuwa 146 ba na 'yan kwangila ba ne. Ta biyu kuwa ba ta ma buƙatar muhawara: mara lasisi ba ya riƙe tasha shi kaɗai. Tun 1925 da aka kafa IARU, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta duniya, a Faris magabata ke kare waɗannan zanguna, kada a wayi gari an ƙwace saboda sakacinmu. Ni a ganina ma aikin taro ba namu ba ne. Namu shi ne ka ɗaura wayar eriya a kan bishiya, ka kira a zangon mita 20 wani ya amsa maka daga Burazil. Wannan Baofeng na roba da kuke saya, datti yake watsawa a zangon mutane.

Malamar Jinya:
Baba, a yi min afuwa in sa baki. Ba ni da lasisi, mijina ne mai shi, amma shekara bakwai ina cikin 'yan agaji a ranakun hawa. Abin da muke buƙata kaɗan ne: a gaya mana wuri, a gaya mana mutum nawa, yana numfashi ko ba ya yi, jini na zuba ko a'a. Shi ke nan. Kuma ku tuna ƙarar bindigogin hawa da tambura da algaita, in babu abin kunne ba mai jin komai. Sannan kar a riƙa kiran sunan wanda ya ji rauni a iska, duk mai irin na'urar yana ji. In masu lasisi sun ce ba aikinsu ba ne, mu wa za mu kama?

Bahaushen Boston:
Baba, da girmamawa, a nan Amurka aikin taro ginshiƙi ne a harkar. Gudun famfalaki na Boston, kilomita 42 daga Hopkinton zuwa cikin gari, duk watan Afrilu masu rediyon sha'awa ɗaruruwa ke fitowa kyauta. Na yi sau biyu. Ana ajiye ka a tantin jinya ko cikin motar kwasar waɗanda suka gaza, akwai mai jan ragamar tasha, ba ka magana sai ya ba ka dama, kuma wurin da kake tsaye shi ne sunanka. A 2013 da bam ya tashi a wurin kammala gudun, wayoyi sun cushe, mutanenmu suka ci gaba da isar da saƙo har aka kwashe masu gudun da aka tsayar a hanya. Sisi ba a biyan kowa. Shawarata, ka ƙi kuɗin, ku ukun ku riƙe wurare uku mafi haɗari, ka gayyato masu lasisi daga garuruwan kusa.

Mai Gyaran Rediyo:
Yallaɓai, Boston ba Bichi ba ce. Can ka ɗaga dutse ka ga mai lasisi. Mutumin nan ya ce su uku ne.

Gwanin Zolaya:
Ku ɗaura wa kowane doki ɗaya a wuya mana, in mahayi ya faɗi dokin ya kira da kansa. Oba!

Tsohon Sigina:
Ana maganar rai kana wasa. Na yi shekara 22 a sashen sadarwa kafin in ajiye kaki, bari in faɗi abin da ba wanda ya taɓo. Kilomita 6 a cikin gari, tsakanin katangu da dubban mutane, na hannu da na hannu ba za su ji juna ba. Wat 5 ɗin nan in ya ba ka kilomita biyu ka gode Allah. Wannan zango sai eriya ta hangi eriya. Ka nemi tankin ruwa ko bene a tsakiyar hanya, ka kafa ta motar a can da batirin mota. Eriya a tsayin mita 16 tana hango kusan kilomita 16 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Kowa ya yi magana da kai, kai ka isar. Kuma ka taka hanyar da ƙafarka kwana biyu kafin sallah, ka gwada kowane lungu.

Baba Mai Gajeren Zango:
Lissafinka daidai ne, amma aikin soja daban, namu daban. Kana da lasisin sha'awa?

Tsohon Sigina:
Ba ni da shi, Alhaji. Amma na riƙe tasha a inda kuskure ɗaya ke cin rai. Takarda ce ke ba da shawara ko gogewa?

Mai Gyaran Rediyo:
Ni ma ba ni da shi, amma rabin rediyoyin masu lasisin nan a kan teburina ake farfaɗo da su.

Ɗan Ƙofar Gabas:
Na gode ƙwarai, kowa na ji. To in na ƙi ladan, su sayi man janareto da batir da kansu, wannan ma ya shiga neman abin duniya? Kuma wurare biyar ɗin fa?

Abu Hanifa:
Kafin ka kai nan, ka fara samo takarda daga fada da sa hannun jami'an tsaron yankin. Tun 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, duk wanda aka gani da oba-oba kallon ɗan leƙen asirin daji ake masa. Ni a wani shinge aka sauke ni daga mota saboda eriyar da ke leƙowa daga jakata. Na nuna lasisi, mutumin ya juya shi sama da ƙasa ya ce bai taɓa jin gwamnati na ba farar hula wannan ba. Awa huɗu ina zaune a kan dakali.

Baban Khalifa:
Kai awa huɗu ka yi. Ni ranar walimar nan da na ba ku labari, a hanyar komawa gida aka tare ni da guda huɗun da suka rage. Kwana na yi, sai da mai unguwarmu ya zo da asuba.

Ɗan Damagaram:
Mu ma nan haka ne, lambar kiranmu ta Nijar mai farawa da 5U ba ta hana a tsare ka. Ni na bar fita da tawa bayan gari.

Baba Mai Gajeren Zango:
Abin da ke ƙona min rai ke nan. Ka yi jarrabawa, ka biya kuɗi, ka sabunta, amma wanda ke kan hanya ba a taɓa nuna masa kamannin takardar ba. Mai sayar da su buhu-buhu a kasuwa kuwa ba mai tambayarsa wa ya saya.

Mai Gyaran Rediyo:
Baba, in da ni kake, ni gyara nake ba sayarwa ba.

Malamar Jinya:
Wai a cikinku akwai wanda ya taɓa zuwa ofishin jami'an tsaron da kansa, tun kafin a kama shi, ya nuna musu takardar da na'urar? Ina tambaya ne don mijina zai bi hanyar Gusau ranar Laraba, kuma ya ce da ita zai tafi.