PHE a kwalejin ilimi: yana kai mutum ga zama koci ko sai dai koyarwa?

Ɗan_Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara. Na samu admishon a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato, sashen PHE, wato ilimin motsa jiki da lafiya. Ni dai burina in zama koci, tun ina sakandare nake tara yaran unguwarmu muna tirenin bayan la'asar. To Baba ya ce wannan karatun wasa ne, in nemi canji zuwa bayoloji ko Arabiyya. Waɗanda suka yi kwas ɗin nan, shin ya amfane ku a fili ko kuwa alli da allo ne kawai ƙarshen abin?

Malamin Wasanni:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni nan na yi NCE ɗina, wato takardar shaidar malanta, kuma wallahi duk wanda yac ce maka PHE wasa ne bai taɓa zama ajin anatomi ba, sai ka haddace ƙasusuwa da jijiyoyi da yadda zuciya ke aiki, ga taimakon gaggawa, ga dokokin alƙalanci na ƙwallo da guje-guje da boli, kuma duk da haka kwasa-kwasan ilimi na nan suna jiranka kamar kowa. Amma abin da yag gina ni ba lacca ba ce, TP ne, wato gwajin koyarwa da ake tura ɗalibi makaranta ya yi. A shekara ta ukku anka tura mu wata makarantar ƙauye, babu raga babu fili mai kyau, ƙwallo guda ce ita ma da faci, yara sun fi tamanin a aji. Can ni koyi abin da koci ke ci da shi har gobe: yadda za ka raba yara rukuni-rukuni kowa na motsi ba wanda ke tsaye yana kallo, yadda za ka tsawata ma yaro ba ka kunyata shi gaban 'yan uwanai ba, da yadda za ka lallashi uban da ya ce ɗanshi gona za shi ba fili ba. Sannan zafin Sakkwato, a watan Afrilu in ka fitar da yara ƙarfe goma sha ɗaya sai wani ya some maka, dole ka san lokacin fita da maganar ruwan sha, balle in ya haɗu da azumi. Kocin da bai yi aji ba sau da yawa ihu kawai ya iya. Ya san ƙwallo, amma bai san koyar da ita ba, kuma abu biyu ne daban.

Na Gwadabawa:
Malam ka faɗi gaskiya amma a gaya wa yaro ɗaya ɓangaren. NCE ba ta maida mutum koci a takarda. Ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya, da ita za ka yi rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai, ka shiga aji, shi ke nan. In kana son kulob ya ɗauke ka da daraja sai ka je kwas a NIS, cibiyar koyar da wasanni ta ƙasa da ke Legas, ko ka bi lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, ana farawa daga D a hau C da B. Kuma albashin malamin firamare kowa ya san shi. Baba ba ƙin ka yake ba, tukunyar gidanka yake hangowa.

'Yar Runjin Sambo:
Ni abin da zan ƙara, kar ka zama ɗalibin daga aji sai hostel. Ka shiga tim ɗin makaranta, in an samu zuwa gasar NICEGA, wato wasannin kwalejojin ilimi na ƙasa, ka je ko da mai ɗaukar ruwa ne, can ake sanin mutane. Ni handbol na buga, malamar da ta horar da mu ita ta fara ba ni yara in riƙe, yau makarantar 'yan mata nake koyarwa kuma iyaye sun fi sakin jiki in mace ce a fili da 'ya'yansu. Kuma kar ka raina kokawa da langa, a nan ƙasar tamu shugaban makaranta ya fi saurin ba ka dama in ka iya shirya su ranar gasar gidaje.

Ɗan_Mabera:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam, in na fara karatu in bar yaran unguwa ne ko in ci gaba da su? Ina tsoron kar su ja min kariyoba, wato faɗuwa kwas in maimaita shi.

Malamin Wasanni:
Kar ka bar su. Ka rage zuwa Asabar da Lahadi, lokacin jarrabawa ka damƙa ma babba daga cikinsu. Duk abin da anka koya muku a sati ka gwada shi kansu, ka rubuta tsarin tirenin a littafi kamar lesin not. In ana wasa a filin Giginya ka je ka zauna kusa da benci, ka bar kallon ƙwallo ka kalli kocin. Maganar Baba kuma kar ka yi gardama da shi, ka samo takardar kwasa-kwasan sashen ka kai ma wani kawunka da yake jin maganarshi ya karanta mai.