Wai me za mu kira wannan ɗaukar da Hausa?

Jama'a salamu alaikum, masu Hausa a baki ku matso ina neman agaji. Wata 'yar kyamara ce ta faɗo hannuna, Casio Exilim EX-FC100, abokina ne ya siyo a gwanjo ya ce in gwada masa in gaya masa ko ya yi sa'a. Tsohuwa ce fa, ta 2009, kamfanin ma ya daina ƙera irin waɗannan ƙananan tun 2018, amma wallahi kwana biyu na yi ina wasa da ita kamar yaron da aka siya wa keke. Toh na zauna zan rubuta masa bayani sai na cije a wuri ɗaya, abin nan da Turawa ke cewa hai-sifid shutin.

In ka bi shi kalma da kalma "harbi mai tsananin gudu" zai ba ka, ka je ka faɗi haka a shingen sojoji ka ga ko za ka kwana a gida. 'Yan fim ɗinmu su sun huta, shutin kawai suke cewa.

Sunan ita kyamarar bai ba ni wahala ba, kyamarar aljihu, shi ke nan, tunda aljihun riga take shiga kuma ba sai ka iya komai ba, ka saita ka danna. Tana jawo hoto ninki 5, megapiksel ɗinta 9, wato ɗigo miliyan 9 ne ke haɗuwa su ba da hoto ɗaya.

Da na zauna da ita sosai ne na gane abu biyu aka cusa a suna ɗaya. Na farko hotuna ne, ka danna sau ɗaya ta zubo maka har guda 30 cikin daƙiƙa ɗaya, sai dai a megapiksel 6 ba cikakken 9 ɗin ba. Kuma abin da ya fi burge ni, in ka danna maɓallin rabi ka riƙe tun a nan ta fara ɗauka a ɓoye tana ajiye sababbi tana zubar da tsofaffi, in ka ƙarasa dannawa sai ta ba ka har da na kafin yatsanka ya sauka. Duk wanda ya taɓa tsayawa a rana yana jiran doki a hawan sallah ya koma gida da hoton jela da ƙura ya san darajar wannan.

Na biyu bidiyo ne. Tana ɗaukar hoto 210 a daƙiƙa, ko 420, ko 1000, sai a kunna maka shi a 30 irin na kullum, wato a 210 gudun komai zai ragu ninki 7, a 1000 kuwa daƙiƙa ɗaya za ta koma wajen 33. Kun ga rikicin ko? Sunan na cewa sauri, abin da ido ke gani kuma nawa ce tsantsa. Ita 1000 ɗin dai ta nuna wa abokai ce, hoton wani ɗan siriri ne ɗigo 224 a 64 kamar tsintsiyar kwakwa, kuma sai da rana tsaka domin kowane hoto hasken kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kawai yake samu, a ɗaki kuwa in doguwar fitila ce za ka ga tana ƙyafta ido saboda wutarmu zagaye 50 take yi a daƙiƙa. 210 ita ce ta amfani, 480 a 360, na zubar da ruwa daga buta na kalla ya fi sau goma.

Ƙari: na ga amsoshinku, Allah ya saka. Malam da ka ce "ɗaukar walƙiya", ta yi daɗin faɗa amma duk wanda ya ji filashi zai zata, a gafarce ni. Ƙanena mai "barin wuta", mun dawo shingen sojojin nan kenan. Hajiya ta kawo "ƙiftawa da bismilla", ni ma ita ta fara zo min, matsalar tana nuna hoto ɗaya ne da aka yi da sauri, ba ta nuna yawa ba, kuma yawan shi ne maganar. "Ɗauka a jere" daidai ce ba ta da laifi ko ɗaya sai dai ba gishiri, mutum goma ma in ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya a gidan biki a jere ne ai.

Ƙari na biyu: wani baba da ya ce tun zamanin wankin fim yake sana'ar hoto ya rubuto kalma ɗaya tak, "rututu". Baba Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Yadda fara ke saukowa rututu haka hotunan nan ke zubowa, akwai yawa a ciki akwai lokaci guda. Ɗaukar rututu. Na faɗa wa ɗan maƙwabcinmu ba tare da bayani ba ya ce "wanda waya ke yi tatatata in ka danne?" Toh ya gane.

Na bidiyon kuma ni na ga a bi abin da ido ke gani a bar abin da inji ke yi, tunda muna da tafiyar hawainiya sai mu ce ɗaukar hawainiya. Yayana ya ƙi, wai hawainiya canza launi aka fi saninta da shi za a ɗauka gyaran kala ake nufi, shi "bidiyon sanɗa" yake so. Ban yarda ba tukuna, sanɗa ai da laɓe take tafiya, kamar kana ɗaukar mutane a sace. Na dai tura wa abokina saƙo na ce kyamararka ta iya rututu, hawainiyarta kuma sai da rana, ya riƙe ta. Yaya ina jiranka ka kare sanɗarka.