Baklait: wace kalmar Hausa za mu ba fitilar da ke haska mitar mota?

1. Jama'a, ku zo mu daddale wata kalma. Abin da Turawa ke kira backlight, masu rewaya kuma suke cewa baklait, wato hasken da ke fitowa ta bayan lambobi da allurorin mitar mota don direba ya gani da dare. Na tambayi mutane da dama a Gombe, kowa da sunan da yake ba shi, kuma rashin suna ɗaya ya ci mini wuni guda.

2. Ga yadda aka yi. Na taso daga Bauchi da yamma, magariba ta riske ni bayan Alkaleri. Na kunna fitila, hanya ta haskaka, amma dashbod duhu ƙirin. Tun damina gefen hagu ya dusashe ina ta ɗaga gyaran, ranar sai sauran ya bi. Ba na ganin gejin mai, ba na ganin allurar zafi, kuma wanda ya taɓa dafa inji a hanya ya san wannan allurar ita ce ran tafiya. Da tocilar waya na riƙa leƙa ta har na shigo gari.

3. Da safe na kai motar gareji wajen Tashar Dukku. Ogan bai fito ba, na bar wa yaronsa saƙo: wutar baya ta mutu. Fassarar da ta zo mini a baki ke nan. Da azahar na dawo na tarar yaro ya kwance fitilun bayan mota duka biyu, ya ce, "Alhaji, ni fa ban ga abin da ya same su ba, birki na kawowa, sigina na kawowa." Yaron bai yi laifi ba. A bakin kowane direba da bakanike, wutar baya ita ce jar nan da mai bin ka yake gani. Don haka masu ba da shawarar "wutar baya" ko "hasken baya", ku yi haƙuri, kujerar da mai ita.

4. Wani ya ce "wutar dashbod". Ita ma da matsala. In ka ce wa mai rewaya wutar dashbod ta kawo, hankalinsa zai tafi kan alamar batir, ko butar nan ta man inji, ko ta cek, mai nuna inji na da matsala. Waɗannan fitilun gargaɗi ne, kawowarsu a kan tafiya shi ne matsala. Tamu kuwa rashin kawowarta ne matsala. Suna ɗaya ba zai ɗauki abu biyu masu kishiyantar juna ba. "Hasken ciki" kuma na fitilar rufi ne, wadda ke kamawa in an buɗe ƙofa.

5. Bari in faɗi abin da na gani da ogan ya zo, domin a nan ne kalmar ta fito mini. Bai taɓa sukundireba ba tukuna. Ya kunna makulli, ya kifa tafin hannunsa a kan gilashin mita don ya tare rana, ya ɗora tocila a kan ɗan allon da ke nuna kilomita. Sai ga lambobin nan baƙi-baƙi, suna nan daram. Ya ce, "Ka gani, Alhaji? Allonka lafiya lau. Abin da ke bayansa ne ya mutu."

Irin wannan allo na LCD ba ya ba da haske da kansa. Rubutu kawai yake yi, kamar tawada a kan takarda mai shara-shara, sai an sa fitila a bayansa ake karantawa cikin duhu. Haka fuskar mitar take: an bar lambobin yadda haske zai ratso ta cikinsu.

6. Daga nan ya bi abin daki-daki. Ya fara murza ɗan abin nan na rage haske, domin ya ce sau da yawa masu wankin mota ne ke goge shi da tsumma su mayar da shi ƙasa, mai mota ya zo yana neman canja mita. Sai fis, ɗan abin nan da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. A motoci da yawa layin hasken mita da na ƙananan fitilun fakin hanyarsu ɗaya, shi ya sa in dashbod ya yi duhu gaba ɗaya lokaci guda, ka tsaya ka zagaya ka duba bayan motarka, mai yiwuwa kana tafiya ba ja ko ɗaya, tirela na biye da kai. Fis ɗin yakan zama na amfiya 7.5 ko 10. In ya ƙone a sa daidai shi. Don Allah a daina naɗa masa zaren waya, da haka ake ƙona wayarin mota.

Nawa fis ɗin lafiya. Ya cire kan batir, ya kwance mitar, ya juya bayanta. Ƙananan ƙwayaye ne da ake murɗowa, masu suna T5, na bolt 12, wat ɗaya da ɗan ɗoriya. Biyu gilashinsu ya yi baƙi kamar an shafa musu kunkunniya. Na uku lafiyarsa ƙalau, ƙafar mazauninsa ce ta saki saboda girgizar hanya. Bayan ya mayar, ya ɗora mitar gwaji a kan batir inji na aiki, ya ce caji ya kamata ya tsaya wajen bolt 14, in ya haura 15 to altaneta, mai cajin batir, ce ke cinye ƙwayayen, ko ka sa sababbi ba za su daɗe ba. A yawancin sababbin motoci kuwa babu abin murɗowa, ƙananan fitilun LED ne aka liƙa da dalma a jikin faranti, aikin sai mai hannun gyaran rediyo ko waya.

7. To ga tawa shawarar: fitilar bayan allo, a taƙaice fitilar allo.

Na zaɓi fitila na bar wuta da gangan. A gareji, wuta na nufin lantarkin da ke bin waya, tana kuma nufin abin da ke haskawa. Gyaran nan kuwa gaba ɗayansa rarrabe waɗannan biyun ne. Ku gwada a baki: "Wuta na zuwa, amma fitilar allo ta mutu." Magana ta fita sarai. Yanzu ku ce "wuta na zuwa amma wutar allo ta mutu", sai an sake tambaya. Na bar haske kuma domin haske ba a saye shi a shagon kayan gyara, fitila ake saye.

8. Na san za a ce mita ba allo ba ce, a ce "fitilar mita" mana. Wannan hujja ce, kuma a cikin gareji ba zan yi musu da mai faɗin haka ba. Sai dai abin nan ba a mita kaɗai yake ba. Yana bayan allon rediyon mota, yana bayan lambobin AC, yana cikin wayar hannu da talabijin da kwamfuta. Mai gyaran talabijin a Jekadafari da ya ce sauti na fita hoto babu, sau da yawa wannan ciwon yake nufi, kuma da tocila yake gano shi, kamar yadda ogan nan ya yi. Ina son kalmar da mai rewaya da mai gyaran waya za su yi tarayya a kanta. Allo kuwa tun daga na makarantar zaure zuwa na aji, abin da ake rubutu a kai a karanta ne, kuma tuni muka ba sikirin sunan.

9. Saura ɗaya da ban yanke ba: ɗan abin murzawar nan na ƙara haske da rage shi. Zuciyata na kan lagwani. Duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai ya san a ɗaga lagwani, a rage lagwani, kuma aikin ke nan babu bambanci. Na gwada wa yaron garejin, na ce ɗan ɗaga mini lagwanin allon nan, hannunsa ya tafi wurin kai tsaye. Direbobin Gombe Line da masu rewaya na Bauchi, ku ne kuke taɓa shi kullum, me kuke ce masa?