Wane suna za mu ba wa aikin sauti da lantarki a ruwa?

Jama'a salamu alaikum, dan Allah ku zo mu tsayar da magana kan abin nan da masu kemistiri ke kira sono-ilektirokemistiri, sunan ya fi ƙarfin baki wlh, kuma ga yaranmu na jami'a suna karanta shi.

Ga yadda abin yake tukunna. Ruwan rini, ko wanda maganin ƙwari ko ragowar magunguna suka shiga, ana tara shi a tanki a tsoma faranti biyu a saki wuta. A jikin ɗaya farantin ruwa ke tsagewa ya ba da wani ɗan ɓarin sinadari mai kaifi da ake kira haidirokzil, shi kuma duk sinadari mai kabon da ya ci karo da shi sai ya yi ta farfasa shi, in aikin ya kai ƙarshe ya koma ruwa da iskar kabon dayoksaid. Matsalar dai farantin na saurin yin dauɗa, aiki ya ja baya. To anan ake shigo da sautin da ke kaɗawa sama da sau 20,000 a daƙiƙa, kunnenmu baya jin sa amma a cikin ruwa yana tayar da 'yan mitsi-mitsin kumfa su kumbura su rushe nan take, zafin cikin kumfar kan kai wajen digiri 5,000, rushewar ce ke goge farantin tana kuma kora dauɗar da ke cikin ruwan zuwa gare shi, ita kanta tana ƙara haidirokzil ɗin.

Wani ɗan'uwa yace a kira shi sikanin ruwa tunda irin sautin ne ake wa masu ciki hoto da shi a asibiti. Malam, ban yarda ba, sikanin dubawa ne kawai, nan kuwa ba kallo ake ba.

Wata 'yar'uwa tace a kira shi tace ruwa da sauti. Ya fi kusa, amma in ka tace abu dauɗar na nan a rariya sai ka nemi inda zaka zubar. Wannan fa wargaza ta ake.

Ni abin da na tsaya a kai, shi sautin mu ce ɓoyayyen sauti, duka aikin kuma wargaza dauɗar ruwa da sauti da lantarki, a taƙaice sauti-da-lantarki. Sautin jemage ma da aka kawo ya min daɗi sosai don jemage da shi yake gane hanya, a aji zai taimaka wa ɗalibi, amma a rubutu na fi son ɓoyayyen sauti.

Inda har yanzu nake neman taimako shi ne ita dauɗar. In muka ce dauɗa kawai, mutumin da ke noma a bakin kogin Challawa zai ɗauka har kuromiyam ɗin da ke fitowa daga masana'antun fata ake nufi, alhali shi ƙarfe ne, ba ya wargajewa, hanyar cire shi daban. Dauɗa mai kabon zamu ce, ko akwai mai wadda ta fi? Malaman kemistiri, bismillah.