Zumuntarmu ta unguwa na neman watsewa, ku ba ni shawara

Maman Biyu: Salama 'yan'uwa cikin Kristi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ya hana ni barci. Muna da zumuntar mata ta unguwa a nan Jos, tun bayan rikicin Nuwamban 2008 aka fara ta. Lokacin mutane sun gudo wajenmu, wasu daga su sai zanen jikinsu, sai marigayiya surukata ta ce mu riƙa haɗuwa duk Alhamis da yamma mu yi addu'a, mu tara garin masara da sabulu. Ba a taɓa tambayar cocin kowa ba. Akwai 'yan ECWA, COCIN, Baptis, Katolika, daga baya 'yan EYN da suka baro Borno suka shigo. Da Ubangiji ya kira Mama sai aka ɗora mini, ni kuwa ban nema ba, ina ma da tsohon ciki lokacin. Muna adashi kuma, kuɗin yana hannuna.

A watan Oktoba taro ya faɗo gidan wata 'yar'uwa Katolika. Ta ce watan rosari ne a wurinsu, ta ɗauko carbinta ta fara "A gaishe ki Maryamu". Mata uku suka sa takalmansu suka fita. Yanzu sun ce ko in hana, ko in ba su kuɗinsu. 'Yan Katolika kuma sun ɗauke ƙafa. Ga abin da ya faru ranar jana'iza, wanda ba zan faɗa a nan ba. Yaya zan yi?

Dattijo: 'Yata, laifinki ne. Shugaba ba ya shiru. Buɗe Matiyu 18:15, ki je wurin mai gidan ke da ita kaɗai, sannan ki bi ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Daga nan a rubuta doka: karatun Littafi Mai Tsarki, waƙa, Addu'ar Ubangiji, shi ke nan. Tun 1976 muke zaune da Katolika a CAN, ƙungiyar Kiristocin Nijeriya. Abin da ya haɗa mu shi ake yi tare, sauran kowa ya kai cocinsa.

Anti Nas: Baba, da girmanka, a cikin ɗakinta fa! Shekara nawa muna rera waƙoƙinku, muna cewa amin ga addu'arku, ba mu taɓa fita ba. Ni da na yi aure dangin mijina cewa suka yi sai an sake mini baftisma, wai ta jarirai ba baftisma ba ce. Har yau uwar mijina ba ta cin abincina ranar Lahadi. Haɗin kan da kullum mu ne masu haɗiyewa, wane iri ne?

Maman Biyu: Baba, ba shirun tsoro na yi ba. Baƙuwa ce ni a gidan, in ƙwace carbi a hannun matar da a haife ta haife ni? Ita ce ta kwana da ni a asibiti da na haifi 'yan biyun.

Dattijo: Ban ce ki ƙwace ba. Na ce doka. Bulus ya tsawata wa Korintiyawa kan "ni na Bulus ne, ni na Afolos". Na yi shekaru ina sasanta irin wannan, ba a gyara shi da kunya.

Mai Shago: Ni dai raba kuɗin nan tun wuri. Namu adashin haka ya mutu, aka fake da maganar addini, ashe wata ce ta ci kwasa biyu. Har yau ina bin ta, kuma a layin gaba take zama a sujada.

'Yar Zumunta: Kada ki raba! Kina rabawa zumunta ta mutu. Ki jira Ranar Addu'ar Mata ta Duniya, Jumma'ar farko ta Maris, kowa zai zo, sai ku karanta Yahaya 17:21 tare. Amma me ya faru a jana'izar? Ina jin can ne ciwon yake.

Dattijo: Maris? Kafin nan babu wadda za ta rage. Ki kira fasto da fada su zauna a makon nan.

Maman Biyu: Mama ta ce kada a shigar da shugabannin coci, shi ya sa muka daɗe haka. Doka kuma ba mu taɓa rubutawa ba, ba a kaina za a fara ba. Kuɗin ma ba zai rabu yanzu ba, mun ranta wa wata gwauruwa na makarantar yara.

Mai Shago: Kun ranta? Da sanin sauran?

Anti Nas: Waɗanda suka fita su ya kamata su ba da haƙuri, ba wata doka.

Maman Biyu: Na gode duka. Jibi Alhamis, taro a gidan ɗaya daga cikin ukun ne, kuma har yanzu ba ta ɗauki wayata ba. In je ko kada in je?