Ana cire wa mahaifiyata kuɗin kati, kuma wani ya kira yana neman lambar sirri

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kusan wata guda ke nan duk lokacin da na sa wa mahaifiyata kati, kafin gari ya waye sai kuɗin su ragu, alhali ba ta kira kowa ba. A makon jiya kuma wani mutum ya kira ta da Hausa mai kyau, ya ce daga kamfanin layinta yake, za a rufe layin saboda ba a haɗa shi da NIN ba, sai dai ta karanta masa lambobin da aka turo mata. Allah Ya taimaka Hajiya ba ta karanta rubutun boko, ta ce ya jira 'yarta ta dawo. Ina zan kai ƙorafi, kuma shin abubuwan biyu suna da alaƙa?

Mai shagon waya:
Wa alaikumus salam, Malama. A ganina matsalolin daban-daban ne. Raguwar kuɗin yawanci daga wani tsari ne da aka shiga ba da sani ba, kamar waƙar da mai kira ke ji ko saƙonnin labarai, kuma sau da yawa danna maɓalli ɗaya ne ke jawo shi. Tun 2023 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta daidaita lambobin kamfanoni, don haka a kowane layi *305# na dakatar da irin waɗannan tsare-tsare, 300 kuma na haɗa mutum da sashen kula da abokan hulɗa. Idan kin kira su, ki nemi lambar shaidar ƙorafinki ki rubuta ta, domin idan ba su warware ba sai ki kira 622, layin NCC na kyauta, kuma lambar shaidar ce za su tambaye ki. Ki kuma tura STOP zuwa 2442 don tallace-tallace su daina shigowa.

Tsohon ma'aikacin banki:
Malam ya yi bayani mai kyau, amma kiran nan ya fi tayar mini da hankali. Lambobin da aka turo wa Hajiya mabuɗi ne na shiga asusun banki ko WhatsApp ɗinta, kuma babu kamfani ko bankin da zai kira mutum ya nemi ya karanta masa su, ko ya nemi lambar sirrin katin ATM. Batun NIN tsoratarwa ce kawai. Ki danna *996# a layin Hajiya ki duba da kanki ko an haɗa shi da NIN. Tura STOP ba ya hana ɗan damfara kira, tunda da layi irin namu yake amfani. Idan wata rana layin ya ɗauke gaba ɗaya alhali na maƙwabta na aiki, kada ku jira gobe, domin mai yiwuwa an sauya layin zuwa wani sim. Banki za ku fara sanarwa su rufe asusun, sannan ofishin kamfanin, sannan 'yan sanda ko EFCC.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na danna *305#, ashe tsare-tsare biyu ne a kan layin, na kuma soke su. Gobe zan kira 300 in nemi a mayar da kuɗin da aka cire.